Lasifika a Wuyan Rediyo

Manaja da kansa ya rataya masa lasifikar a wuya, ya tsaya yana gyara igiyar har ta zauna daidai a tsakiyar ƙirjinsa.

"Baba, kamar dai yadda muka saba," in ji shi. "Kai ne lema, ita ce baki."

Baba Rediyo bai tanka ba. Ko da ya tanka, ƙarar motocin da ke wucewa ta ƙofar ofishin yawon buɗe idon ba za ta bari a ji ba. Ya buɗe jar lemarsa ya ɗaga, baƙi suka fara sauka daga bas suna taruwa a bayansa. Ma'aikatan jinya ne da suka zo taro garin, mata sun fi yawa, kowacce da jakar taro a kafaɗa da robar ruwa a hannu. An ba su ɗan lokaci kafin la'asar su ga gari, shi ya sa aka zaɓa musu gajeren zagaye: zanen bangon tsohon gidan waya, sai gada, sai tsohuwar tashar jirgin ƙasa.

Wannan zagaye Baba Rediyo ne ya ƙirƙiro shi tun gashin kansa yana baƙi. Sunan ma a nan ya samo shi, don idan ya buɗe baki a bakin gada, masu wanki a ƙasan rafi sai sun ɗago kai. Bara ne likitoci suka gano ƙari a maƙogwaronsa. Aka yi aiki, rai ya tsira, murya ta tafi. Abin da ya rage masa raɗa ce mai gargada, kamar iskar da ke fita daga tayar keken da ta huje, sai mutum ya kawo kunne daf da bakinsa zai tsinci kalma. Da ya warke ya dawo aiki, sai Manaja ya fito da wani tsohon ɗauka da aka yi na muryarsa shekarun baya, aka zuba a lasifika. Sharaɗin ɗaya ne. Zai riƙe lema, ya nuna da hannu, ya danna maɓalli, amma ba zai buɗe baki gaban baƙi ba, wai wata baƙuwa ta taɓa tsorata. Ranar da ya buɗe baki, ranar zai ajiye aikin.

Bai yi fushi da ciwon ba, bai kuma yi fushi da likita ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wannan Manajan da ke ba shi umarni, shi ya ɗauko shi aiki yana ɗan saurayi marar ko takalmin kirki, shi ya koya masa yadda ake tafiya da baya-baya gaban jama'a ba tare da an faɗa kwata ba. Yau ga shi da kwat da agogo, ya biyo zagayen da ƙafarsa saboda baƙin manya ne, kuma yana son tabbatar da tsoho bai yi abin kunya ba.

A gida ma ba ta sauya zane ba. Kunnen matarsa ya yi nauyi tun kafin ciwon, kuma a duk duniya muryarsa ce kaɗai take ji ba sai ta ce "Na'am?" sau biyu ba. Yanzu sai nuni da hannu da ɗaga gira. Idan yana son ruwa ya nuna randa, idan tana son magana ta yi abinta da ƙarfi ta ba kanta amsa. Da safen nan ma tana ɗaura masa ƙyallen da yake rufe tabon wuyansa da shi, ta faɗa da muryar da maƙwabta suka ji cewa Allah ya haɗa kurma da bebe a gida ɗaya, saura makaho ya zo ya kama hayar ɗakin waje. Ya yi dariyarsa marar sauti. Amma abin yana ci masa rai, don akwai maganganu da yawa da ba a nuna su da yatsa.

Suka isa bayan gidan waya. Bangon dogo ne, cike da zanen mutanen da suka haƙa magudanar ruwan garin tun zamanin kakanni, maza da diga, mata da kwanduna a ka, jaki ɗaya ya ƙi tafiya. Baba Rediyo ya danna maɓalli, sai muryarsa ta dā ta fito daga ƙirjinsa, cikakkiya, mai daɗi, har da 'yar dariyar nan da yake yi kafin ya fara. Kullum idan ya ji ta sai ya ji kamar ya haɗu da ƙaninsa da ya fi shi arziki.

Muryar ta gaishe da baƙi, ta ba su labarin haƙar, sannan ta ce kowa ya ɗaga ido zuwa kusurwar dama ta sama ya ga matar nan mai riƙe da fitila. Kowa ya ɗaga ido. A kusurwar dama ta sama wani ƙaton tallan kamfanin waya ne aka rataya watannin baya, da hoton wani saurayi ya washe haƙora duka a waje.

"To ai namiji ne," in ji wata daga baya. "Kuma waya ce a hannunsa."

Dariya ta ɓarke. Muryar ba ta san abin da ake ciki ba, ta ci gaba da yabon natsuwar fuskar matar da yadda hasken fitilar ya sauka a kumatunta. Manaja ya yi sauri ya ce ana gyaran wurin ne, a yi haƙuri. Ƙarya ce tsagwaronta, ba a gyaran komai. Matar tana nan a ƙarƙashin tallan, kuma Baba Rediyo ya san abin da muryar ba ta sani ba, don bayan an yi ɗaukan ne jikar mai zanen ta zo zagayen ta gaya masa cewa matar uwar mai zanen ce, kuma jan launin zanenta daga tsatsar tsohon ƙarfen dogo ya niƙo shi, shi ya sa rana ta kasa cinye shi. Maganar ta taso masa har wuya. Ya haɗiye ta, ya ɗaga lema, aka wuce.

A gada abin ya fi muni. Muryar ta gayyaci baƙi su matso inuwar babbar bishiyar nan su huta, su ji iska. Bishiyar kuwa an sare ta an yi wurin ajiye motoci. Haka bayin Allah suka tsaya cikin rana tsaka, gumi yana bin wuyansu, murya tana roƙonsu kada daɗin inuwa ya sa wani ya yi barci. Wasu suka sa jakar taro a ka. Baba Rediyo ya miƙa lemarsa bisa kan wata mai juna biyu, yana kallon ƙasa.

Da aka zo kan zanen da aka sassaƙa a jikin ginshiƙan gadar don nuna inda babbar ambaliya ta kai, sai wata dattijuwa mai tabarau, wadda sauran ke ce wa Babbar Sista, ta lura da abin da ba kowa ke lura da shi ba. Ta ga alamar da ke ginshiƙin wannan gefe ta fi ta wancan gefen tsawo. Ba ta tambayi lasifika ba, ba ta kuma tambayi mai kwat ba. Ta juyo ta dubi tsohon ido cikin ido ta ce ya aka yi ruwa ɗaya ya bar alama biyu.

Tambayar da ya fi so ke nan a duk zagayen. A dā idan aka yi ta har ƙafarsa rawa take yi. Bakinsa ya buɗe da kansa. Sai Manaja ya yi gyaran murya, irin na hannunka mai sanda, ya shiga tsakani yana cewa wataƙila masu sassaƙar ne suka yi kuskure, kuma lokaci yana tafiya. Babbar Sista ta dubi Manaja ta saman tabarau, ta dubi ƙyallen wuyan tsohon, ta daɗe tana dubansa. Wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin marasa lafiya ba a ɓoye mata irin wannan tabo da ƙyalle. Ta gyaɗa masa kai.

Tsohuwar tashar ta daɗe da daina karɓar jirgi. Abin da ya rage shi ne babban zauren jira, mai rufi kamar an kifa ƙwarya, da benci biyu na ƙarfe da tantabaru a sama. Nan ne ɓangaren kimiyya na zagayen. Rufin ya lanƙwaso ya sauka a kusurwa huɗu, kuma idan mutum ya fuskanci bango a wata kusurwa ya yi raɗa, sautin yana bin lanƙwasar rufin kamar ruwa a indararo, ya sauka a kunnen wanda ke kusurwar da ke fuskantarta, alhali na tsakiyar zaure ba su ji komai ba. Muryar lasifika takan bayyana wannan, ta ce baƙi biyu su gwada, shi kuwa ya tsaya a tsakiya da lemarsa yana kallo.

Yau bai danna maɓallin nan take ba. Rana ta gasa shi, maƙogwaronsa ya bushe, tari yana neman kama shi. Ya bar baƙi suna ɗaukar hoton rufin, ya je kusurwar da ke kusa da ƙofa ya juya musu baya don kada su ga yadda yake fama. Ya jingina goshinsa da bangon mai sanyi. Daidai nan wayar Manaja ta yi ƙara. Manaja ya duba, ya ga mai kamfani ne, ya nemi inda ya fi nisa da hayaniya, ya tafi can kusurwar ƙarshen zaure, ya sunkuyar da kai, ya rage murya.

Maganar ta sauko wa Baba Rediyo a kunne tar, kamar a kafaɗarsa aka tsaya.

"Ranka ya daɗe, yau ce ta ƙarshe, na riga na yanke. Ai muryar muna da ita. Lema kuwa kowa zai iya riƙewa. A'a, ban gaya masa ba tukuna, sai baƙi sun tafi."

Baba Rediyo ya tsaya cik. Ashe duk haɗiye maganar da yake yi a banza ne. Ya yi shiru a gaban matar da aka rufe da talla, ya yi shiru a gaban tambayar da ya fi so, ya zama turken rataya lasifika don kada a kore shi, ga shi kuma an riga an kore shi, saura sanarwa. Wani irin fushi ya taso masa, mai sanyi, wanda ba ya sa hannu rawa. Wanda aka riga aka jiƙa ba ya gudun yayyafi. Ya matso da leɓɓansa jikin bangon.

"Na ji ka, ɗana."

Can ƙarshen zaure Manaja ya zabura har wayar ta kusa suɓuce masa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, babu kowa. Sannan ya hango bayan tsohon a ɗaya kusurwar, da jar lema jingine da bango.

Shi kansa Baba Rediyo abin ya ba shi mamaki. Ya bayyana wa mutane sirrin wannan rufi sau babu iyaka, amma tun da aka yi masa aiki bai taɓa gwada ragowar muryarsa a nan ba. Kunya ce ta hana shi, da tsoron kada nan ma ta ƙi zuwa. Ga shi ta je. Bango bai tambaye shi ƙarfin murya ba, ya ɗauki abin da aka ba shi ya kai.

Ya juyo ya ɗaga lema sama, ya nuna Babbar Sista, ya nuna mata kusurwar da Manaja yake. Manaja ya taho da sauri yana cewa a dakata, na'ura za ta yi bayani, akwai tsarin da ake bi. Dattijuwar ta ratsa ta gefensa kamar yadda take ratsa 'yan dubiya idan lokacinsu ya ƙare. Ta je ta sa kunne a bango. Baba Rediyo ya koma ya fuskanci nasa.

Ya fara da tambayarta. Ya ce masu sassaƙa ba su yi kuskure ba. Gadar a kan kwana take, kuma ruwa idan ya zo da gudu ya sha kwana yakan taru ya hau gefen waje, kamar yadda fasinjoji ke matsuwa gefe ɗaya idan bas ta sha kwana. Ya ce alamu biyun duka gaskiya ne. Daga nan ya koma kan matar mai fitila, da ɗanta mai zane, da tsatsar ƙarfen dogon da aka kwaso daga bayan wannan tashar da suke tsaye a ciki. Kowace jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, wuyansa yana zafi, amma bai bari ba.

Babbar Sista ta juyo ta cire tabarau ta goge. Ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru, da muryar da ba a yi mata musu, zauren ya yi tsit har ana jin fukafukan tantabaru. Sannan ta ce su zo uku-uku, don kusurwar ba ta ɗaukar kai fiye da uku. Ma'aikatan jinya kuwa sun san layi. Suka jeru. Kowane rukuni da tambayarsa, kuma tambaya ta riƙa bin rufi tana zuwa, amsa tana dawowa. Wata ta tambayi abin da ya sami bishiyar, ya gaya mata ba tare da ya sakaya ba. Mai juna biyun ta tambaya ko saurayin tallan ɗan'uwan matar ne, ya ce ko kusa, haya yake yi a kanta kuma bai taɓa gaishe ta ba. Kawuna uku suka tuntsire da dariya a can, sauran suna ta ƙagara layi ya zo kansu.

A waje direban bas ya fara danna oda. Manaja yana zagaye tsakiyar zaure yana duba agogo, wayarsa tana ta ƙara a aljihu. Ba mai kallonsa. Sai da na ƙarshe suka bar kusurwar sannan ya je ya tsaya a wurin da kansa, ya rage murya.

"Baba, ka ba ni kunya gaban mutane."

"Kai ka zaɓi kusurwar. Ranar da nake koya maka wannan darasi kana can kana kallon 'yan mata."

"Wallahi daga sama ne. In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya."

"Na sani. Da ka faɗa mini a fuskata, da na ce ka girma."

Baba Rediyo ya tsallako zauren a hankali, baƙi suna buɗa masa hanya. Ya cire igiyar daga wuyansa, ya rataya wa Manaja, ya tsaya yana gyara ta har lasifikar ta zauna daidai a tsakiyar ƙirjinsa, kan kwat ɗin. Manaja ya miƙa hannu zai karɓi lema, tsohon ya mayar da ita bayansa. Lemar ba ta kamfani ba ce, matarsa ce ta saya masa. Sannan ya sa yatsa ya danna maɓallin.

"Jama'a, ku biyo ni, kada kowa ya ɓata," in ji muryar, cike da fara'a, daga ƙirjin Manaja.

Haka Manaja ya fita a gaba, kansa a ƙasa, murya tana ta godiya ga baƙi a madadinsa, mata suna bin sa suna ƙunshe dariya da jakar taro. Babbar Sista ce ta ƙarshe. Ta tsaya ta kawo kunnenta daf da bakinsa, ba tare da ƙyama ba, ta tambaya ko gobe yana nan, don akwai wani rukunin da bai zo ba. Ya ce tashar ba ta kowa ba ce, kuma shi ba shi da wani wurin zuwa. Ta ce ya riƙa shan ruwa tsakanin magana, kada ya yi wa wuyan nan ganganci.

Da zauren ya koma na tantabaru, ya zauna a benci ya huta. Ba shi da aiki, bai kuma san yadda wata zai ƙare ba. Abin mamaki, ba wannan ne ya cika masa kai ba. Kusurwa biyun yake kallo, ɗaya bayan ɗaya. Can ya miƙe ya naɗe lema ya nufi tashar bas da saurin da ya daɗe bai yi ba.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana ninke wanki. Ya ɗauko takalmanta ya ajiye a gabanta, ya nuna mayafi, ya nuna ƙofa. Ta tambaye shi wa ya rasu. Ya girgiza kai. Ta tambaya ina lasifikar mutane, ko ya yar. Ya sake nuna ƙofa. Tun daga gida har cikin bas har ƙofar tsohuwar tashar jirgin tana mita, tana gaya wa duk wanda ke kusa cewa ta bar sauran wanki a igiya, ga hadari, kuma mutumin nan tun da ya rasa baki ya ƙara taurin kai.

Ya kai ta kusurwar ƙarshen zaure, ya juya ta yadda kunnenta mai ɗan dama-dama zai manne da bango, ya yi mata alamar kada ta motsa. Ya tako zauren shi kaɗai. Ya isa tasa kusurwar ya fuskanci bango. Baƙi masu lafiyayyen kunne daban, ita daban. Duk maganganun da ya tara tun daga gadon asibiti suka taru a wuyansa suna rige-rigen fita, ya rasa wadda zai fara da ita. Ya dafa bango da tafin hannu biyu.

"Kina ji na?"

Shiru. Ya rufe ido, ya ƙara matsowa, yana shirin sake gwadawa. Sai muryarta ta cika zauren gaba ɗaya, har tantabaru suka tashi, muryar tana rawa a ƙarshe.

"Ina jin ka, Malam. Ba sai ka yi ihu ba."